Mun ce ana kallonmu, mu kuma me muke nema a jikin juna?

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida in yi magana da 'yan'uwana Kiristoci masu jin Hausa, na nan Arewacin Kamaru da na ƙetaren kogin Logone a Cadi. 'Yan'uwa Musulmi kuma kada ku wuce shafin, don maganar zaman unguwa ce, unguwar kuwa tamu ce mu duka.

Ni tela ce a Marwa. Fatauci ne ya kawo mahaifina daga wajen Mubi tun ina goye. Nan na yi wayo, nan na yi aure, nan na aurar. Hausa muke yi a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransancina kuwa bai wuce na rubuta awo da ƙirga sefa ba. Ban yi makarantar tauhidi ba. Ɗan abin da na sani, a cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da Baba ya bari na karanta shi, wanda bangonsa ya rabu har sai da na ɗinke shi da zaren keke. Saboda haka fastoci su yi mini gafara in na shiga gonarsu.

Da wuya Lahadi ta wuce mai wa'azi bai ce mana, "Ku yi hankali, ana kallonku" ba. Gaskiya ne ana kallonmu, kuma zan zo kan wannan. Abin da yake damuna shi ne gefen da ba a cika taɓawa ba: mu ma muna kallo, kuma muna kallon juna fiye da yadda kowane maƙwabci yake kallonmu. Mun san wadda ta makara sujada. Mun san wanda bai tashi ya ci Jibin Ubangiji ba, da wadda ta maimaita zanen Kirsimetin bara, da wanda aka ga babur ɗinsa a ƙofar gidan bilbil, wato giyar dawa. Ba mai tambayarmu me za mu yi da duk wannan sanin, mu ma ba ma tambayar kanmu.

Kada a ce ina kira a runtse ido. Duk wanda yake Marwa a watan Yulin 2015 ya san akwai sa idon da yake ceton rai. Ranar 12 ga wata aka tayar da bam a Fotokol, gwamnan jihar Arewa Mai Nisa ya hana rufe fuska, kamar yadda Cadi ta yi bayan harin Njamena na 15 ga Yuni. Ranar 22 abin ya iso mu: 'yan mata biyu, ɗaya a babbar kasuwa, ɗaya a unguwar Hausawa da ke jikinta. Ranar 25 da dare aka sake a unguwar Pont Vert. Daga nan aka ƙarfafa 'yan sintiri a unguwanni, aka tsayar da samari a ƙofar coci da ƙofar masallaci suna laluba kowa, mu a cocinmu har jakar hannu aka hana mata shiga da ita. A garuruwan iyaka irin su Kolofata da Mora akwai 'yan sintirin da suka tare masu ɗauke da bam, suka rasa ransu, jama'a ta tsira. Waɗannan ba 'yan sa ido ba ne, masu tsaro ne, irin wanda Ezekiyel 33 ya ce in ya ga takobi na zuwa bai busa ƙaho ba, jinin mutane yana wuyansa. Allah ya saka musu.

Sai dai ido in ya koyi zargi ba ya saurin mantawa. Bayan abin ya lafa, 'yar talla da tirenta ta zama abin tsoro. Mutanen da suka gudo daga Gwoza da Banki, waɗanda aka buɗe wa sansanin Minawawo a 2013, in ɗayansu ya shigo gari neman aiki sai a bi shi da kallo. Na ga mace ta shigo sujada da Hausarta irin ta Gwoza, da Littafinta a hannu, ta zauna, benci ya watse ya bar ta ita kaɗai. An ce tsaro ne. An riga an laluba ta a ƙofa fa.

In kuka buɗe Markus sura 3 za ku ga irin kallon da nake magana a kai. Yesu ya shiga majami'a ran Asabar, ranar hutun da Yahudawa ba sa aiki, akwai wani mutum mai shanyayyen hannu, sai aka zuba wa Yesu ido a ga ko zai warkar da shi, don a sami abin kai ƙara. Ku lura da masu kallon nan. Ba mashaya ba ne, ba ɓarayi ba ne. Su ne masu zama a gaba, masu azumi, masu fitar da zakkar ganyen miya. Kuma ba su yi masa ƙage ba: ranar Asabar ce da gaske, ya kuma warkar da gaske. Wannan ne yake ba ni tsoro, domin kullum in an kama ɗayanmu da tsegumi, abin da yake karewa da shi ke nan, "Ai gaskiya na faɗa." Su ma gaskiya suka gani. Amma mutumin da hannunsa ya shanye, wanda suke gani kowace Asabar, ba su gan shi a matsayin mutum ba, tarko suka gani. Markus ya ce Yesu ya dube su da fushi, yana baƙin ciki da taurin zuciyarsu. Hannu ya miƙe, ba wanda ya ce madalla a cikinsu. Suka fita suka nufi mutanen Hirudus don a shirya yadda za a hallaka shi.

To ga wata mai kallo kuma, a Fitowa sura 2. An sa jariri Musa a kwando a bakin kogin Nilu, yayarsa ta tsaya daga nesa don ta ga abin da zai same shi. Ita ma leƙe take yi, a ɓoye ma. Da 'yar Fir'auna ta buɗe kwandon, yarinyar nan ta fito da sauri ta ce ko a kira mai shayarwa daga cikin Ibraniyawa, ta ruga ta kawo uwar yaron. Sai 'ya'yan Nuhu, a Farawa sura 9. Tsohon ya sha ya bugu da gaske, ya kwanta tsirara a cikin alfarwarsa. Ham ya gani, ya fita waje ya ba da labari. Shem da Yafet suka ɗauki mayafi a kafaɗa, suka shiga da baya da baya, suka rufe mahaifinsu ba tare da sun juya ba.

Ni dai ma'aunin da na samu daga waɗannan wurare shi ne in bi sawun ƙafa. Bayan ido ya gani, ina ƙafa ta nufa? Wajen mutumin, ko wajen jama'a? Zuciya ba a ganinta, mai ita ma takan ruɗe shi, amma inda ka kai labarin kowa zai iya gani, har kai kanka.

Tela tana sanin abin da ba a gaya mata ba. Ina da littafin awo, kowace mai kawo ɗinki da shafinta: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawon riga. In mace ta rame ina sani kafin mijinta ya lura. In gida ya shiga matsi ina gani, don sai a kawo tsohon zane a ce a mai da shi rigar yara. Wata shekara gab da Kirsimeti, muna ɗinkin ankon mawaƙa, wata yarinya ta zo awo. Marainiya ce ta wajen uba, ita take ɗaukar waƙa sauran su amsa. Na zagaya mata tef, na dubi shafinta na watannin baya, na ga abin da na gani. Ita ma ta ga na gani. Ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Mama, ki ɗan sake mini ita, kada ta kama ni." Na ce to. Na rubuta, na rufe littafi.

Ba a jima ba sai ga wata babba a zumuntar mata, ba yadi a hannunta. Ta zauna a benci, muka gaisa, ta tambayi yara, ta yi kukan zafi, ta yi kukan tsadar atamfa. Can sai ta matso ta rage murya: "Yaya, yarinyar nan ta gidan wance, ke kika auna ta ko? Ba ki ga wani canji ba? Ba don komai ba fa, don mu san yadda za mu sa ta a addu'a." Tana magana hannunta yana tafiya wajen littafin. Na ɗauke shi na tura ƙarƙashin keke, na ce, "Awon mutane amana ne. In kina da damuwa a kanta, gidansu ba nisa, tashi mu je tare." Ta ce ta bar tukunya a wuta.

Kafin Lahadi magana ta zagaye zumunta, da sunan roƙon addu'a. A taron mata an tashi an ce a tuna da "wata 'yarmu mawaƙiya da Shaiɗan ya ruɗa", kowa ya ce amin, kowa ya san wadda ake nufi. Uwar yarinyar tana zaune a wurin.

Allah ya sa ba ranar ta fara ji ba. Akwai wata tsohuwa mai sharar coci, ba ta karatu ko na Hausa, gyaɗa take soyawa tana sayarwa. Ita ta riga kowa ganewa, tun daga yadda yarinyar take zagayawa bayan coci tana tofar da yawu. Da dare ta dama kunun gyaɗa ta tafi gidan. Ta zauna da uwar, ta bi da ita a hankali har ta faɗa mata, ta kuma hana ta korar yarinyar a daren. Ita ta raka ta awon ciki a asibiti. Ita ta sa su gaba, uwa da 'ya, suka je wurin fasto da ƙafarsu kafin wani ya kai ƙara. Mata biyu ke nan, abu ɗaya suka gani, dukansu kuma za su ce maka damuwa da yarinyar ce ta motsa su.

An sa yarinyar a horo kamar yadda tsarin coci ya ce, ta koma bencin baya, ban ja da wannan ba. Amma saurayin ya ci gaba da kaɗa ganga a gaban jama'a, don shi nasa laifin tef ba ya nuna shi. Sai da tsohuwar nan ta kafa wa dattawa naci sannan aka kira shi. A Yahaya sura 8 ma haka aka yi: an ce an kama mace tana cikin zina, aka jawo ta ita kaɗai, kamar zina aikin mutum ɗaya ce.

Na sha tambayar kaina me yake sa mu haka. Hassada tana ciki. Saul bai fara sa wa Dawuda ido ba sai ranar da mata suka yi waƙa suka ba Saul dubbai, suka ba Dawuda dubun dubbai, 1 Sama'ila 18 ta ce daga ranar nan ne. Yarinyar da na ba ku labari muryarta ta fi ta 'yar wata daɗi, kuma wannan ba ƙaramin dalili ba ne a ƙungiyar mawaƙa, wanda ya taɓa shiga ya sani. Amma abin da ya fi yawa a ganina shi ne neman sanyin zuciya. In na ga faɗuwar wani sai in ji tawa ba ta kai haka ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, taka naka ka hango na wani. Ku dubi Bafarisiyen nan na Luka 18 da ya je Haikali addu'a. Ya gode wa Allah da bai zama kamar sauran mutane ba, "ko kamar wannan mai karɓar haraji". Mai karɓar harajin kuwa can nesa ya tsaya, ko ɗaga ido sama bai iya ba. Yaya aka yi Bafarisiyen ya san yana nan? Ashe yana addu'a yana waige. In ka cire sauran mutane daga addu'arsa, ba abin da ya rage sai lissafin azumi da zakka. Bitrus ma, bayan Yesu ya gama gaya masa irin mutuwar da zai yi, sai ya juya ya ga wani almajiri yana biye, ya ce, "Wannan fa?" Amsar da ya samu a Yahaya 21 ita ce, ina ruwanka, kai dai ka bi ni. Shi ne kuma daga baya ya rubuta wa masu bi cewa kada ɗayansu ya sha wuya a kan kisan kai, ko sata, ko shisshigi cikin al'amuran wasu. A layi ɗaya ya jera su.

Yanzu in dawo kan kallon da ake yi mana. Muna yawan faɗar sa da muryar wanda aka zalunta, kamar duk mai kallonmu neman mu da sharri yake. Akwai irin waɗannan, ban musa ba. Amma yawancin maƙwabtanmu auna mu kawai suke yi, kuma suna da haƙƙin yin haka, tunda mu muka ce muna da haske. Maƙwabciyata a layin shago wata Hajiya ce mai sayar da man gyaɗa da kayan miya. Ba ta san bambancin Katolika da Lutheran da Baptis ba, duk 'yan coci ne a wurinta. Abin da take dubawa shi ne wa yake biyan bashi, wa yake zuwa gaisuwar mutuwa, wa take kula da uwar mijinta, wane ne yake dukan matarsa ran Asabar ya sa kwat ran Lahadi.

Wata rana wata 'yar zumuntarmu ta wuce ta gaban shagunanmu cikin zanen taro, irin wanda ake buga aya a jiki. Ni na ɗinka shi. Ta kawar da kai kamar ba ta gan mu ba. Hajiya ta ce, "Maman yara, wannan rubutun na jikin zanenta me yake cewa?" Na karanta mata: Ubangiji makiyayina ne, ba zan rasa kome ba. Hajiya ta yi shiru, can ta ce, "Lallai ba ta rasa ba. Ni ce na rasa kuɗin man gyaɗata tun kafin azumi." Muka yi dariya, amma ni dariyar ba ta kai mini ciki ba, don kuɗin ɗinkin zanen ma ba a gama biya ba. A wannan layin kuma akwai wani tsohon maigadi, mutumin duwatsun Mokolo ne, Kirista, ba ya da rigar anko ko ɗaya. Alhazan da ba sa ba 'ya'yan cikinsu makullin shago suna ba shi. Bai taɓa tsayawa ya yi musu wa'azi ba, amma da ɗansa ya kwanta asibiti su suka haɗa kuɗin magani, har wani ya ce masa, "Baba, in ka je cocinku ka sa mu a addu'a."

Hajiyar nan ce ma ta gaya mini cewa su ma a Suratul Hujurat, aya ta 12, an hana su yawan zato da binciken asirin mutane da cin naman juna a bayan ido. Na ce ashe ciwon ɗaya ne, kowa da likitansa yana faɗa, ba a shan magani.

Wani matashi ya taɓa tambayata a shago, wai Yesu ya yi magana biyu. A Matiyu 5 ya ce ku ne hasken duniya, ba a kunna fitila a rufe ta, haskenku ya haskaka a gaban mutane don su ga kyawawan ayyukanku. A sura ta 6 kuma ya ce kada ku yi adalcinku a gaban mutane don su gani, in za ka yi sadaka kada hagunka ya san abin da damanka yake yi, in za ka yi addu'a shiga ɗaki ka rufe ƙofa. Wanne za a bi? Na ce masa ya karanta kowace har ƙarshenta. Ta farko ta ƙare da mutane suna ɗaukaka Ubanku da yake Sama. Ta biyu ta ƙare da mutane suna yabon mai yin. Wa'azi ɗaya ne a kan dutse ɗaya, kuma bai hana a gan mu ba, shirya abu domin a gani ya hana.

Wanda ya fi nuna mini wannan shi ne Daniyel, a sura ta 6. Mukan yi saurin zuwa ramin zakoki mu tsallake abin da ya faru kafin nan. Da manyan ma'aikatan Sarki Dariyus suka so kā da shi, ba addu'arsa suka fara bincika ba. Aikinsa na gwamnati suka fara tonawa, suka rasa ha'inci, suka rasa sakaci. Sai da suka rasa nan sannan suka koma kan addininsa, suka sa aka kafa dokar kwana 30 cewa kada a roƙi kowa sai sarki. Daniyel ya ji, ya tafi gida, ya hau bene inda tagoginsa suke buɗe wajen Urushalima, ya durƙusa sau 3 a rana kamar yadda ya saba. Bai rufe tagar don doka ba, bai kuma buɗe ta don doka ba. A buɗe take tun da. Bai sauko da tabarmarsa ƙofar fada don ya nuna musu shi jarumi ne ba. Da yawa cikinmu muna son mu yi tagar Daniyel, amma da za a buɗe littafin lissafinmu a ofis ko a kasuwa, maƙiyi ba zai sha wahalar kafa sabuwar doka ba.

A nan dole in yi hattara. Ina zaune a shago a cikin Marwa, ba ni da bakin da zan ce wa mutanen ƙauyukan Mayo-Tsanaga da Mayo-Sava su buɗe taga. Akwai waɗanda aka ƙone musu coci da rumbu, suka kwana a kan duwatsu. A Nuwamban 2013 aka sace Fada Georges Vandenbeusch a Nguetchewe, a Afrilun 2014 aka sace fada biyu 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada a Tchere, kusa da mu nan. Wanda ya ɓoye Littafinsa a ƙarƙashin buhun dawa a irin wannan wuri ba matsoraci ba ne, kuma kada wani daga birni ya auna bangaskiyarsa. Yesun da ya ce ku zama haske shi ne ya ce ku zama masu wayo kamar macizai. Yusufu mutumin Arimatiya almajiri ne a ɓoye saboda tsoro, amma ranar da manyan almajirai suka watse shi ya je gaban Bilatus ya roƙi gawar.

Da mu na cikin gari nake. Mu da muke ɗaura lasifika a kan katanga mu yi kwanan addu'a har asuba, a unguwar da akwai marar lafiya da mai jego da ɗan makaranta mai jarrabawa, mu ce shaida muke bayarwa. Na san amsar da za a ba ni, wai ai wasu ma suna yi. Nawa nake wa magana. Mu da in mun kai buhun masara da sabulu Minawawo sai an jera gwauraye da marayu an ɗauki hoto an sa a Facebook, fuskarsu a fili, ba wanda ya nemi izininsu. Mu da a bikin godiyar kaka ake karanta sunan kowa da abin da ya bayar a makirufo: wane sefa 50,000, a yi tafi a yi guɗa, wance sefa 500, a yi shiru a wuce. Na ga mace ta dunƙule hannu ta koma da kuɗinta gida don kunyar a kira adadin. Yesu ma ya taɓa zama daura da akwatin baiko a Haikali yana kallon masu zubawa, Markus 12 ta faɗa. Shi ma mai kallo ne. Attajirai suka zuba da yawa, wata gwauruwa ta sa anini 2, ya kira almajiransa ya ce ita ta fi kowa. Bai kira ta gaba ba, bai faɗi sunanta ba, har yau ba a san shi ba.

Ni ba 'yar Katolika ba ce, amma wanda ya girma a wannan yanki ya ji sunan Baba Simon na Tokombere. Simon Mpeke ne sunansa, mutumin Kudu daga wajen Edeya, an haife shi a 1906, yana cikin 'yan Kamaru 8 na farko da aka naɗa fada a 1935. Yana da babban coci a New-Bell a Duwala, ya bar shi a 1959 ya taho wurin mutanen duwatsu da ake rainawa ana ce musu Kirdi. Ba takalmi yake yawo. Ya dage a kan 'ya'yansu su shiga makaranta, kuma bai wulaƙanta dattawansu masu yin hadaya a kan dutse ba, yakan hau ya zauna da su. Mutanen da aka daɗe ana farauta ana bautarwa ba sa yarda da baƙo don daɗin bakinsa. Ido suka zuba masa shekara da shekaru, su ga ko zai ci abincinsu, ko zai gaji ya koma. Ya rasu ranar 13 ga Agustan 1975, a watan Mayun 2023 kuma Fafaroma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa a hukumance. Amma sunan Baba, mutanen da suka sa masa idon ne suka ba shi, Kirista da Musulmi da mai bin addinin gargajiya, tun kafin Roma ta ce komai.

Malam Edita, a cocinmu mata ba sa zama a majalisar dattawa, amma na san dattawan suna karanta wannan jarida, shi ya sa na biyo ta nan. Roƙona gare su ba mai tsada ba ne. Duk wanda ya kawo muku labarin wani, kafin ya zauna ku tambaye shi, "Ka je wurinsa?" Matiyu 18:15 ta ce ka je ka gaya masa tsakaninku ku biyu, Galatiyawa 6 ta ce a komo da shi da tawali'u kana lura da kanka. In bai je ba, ku sallame shi ya je tukuna, za ku ga yadda ƙararraki za su ragu. Kada a ƙara sa sunan mutum ko kwatancensa a roƙon addu'a, a taro ko a WhatsApp na zumunta, sai da yardarsa. In maganar ciki ce, a kira su biyun rana ɗaya.

Sai kuma karanta adadin baiko a makirufo, a daina. Wannan na san shi zai fi wuya, don ma'aji zai ce in ba a kira suna ba masu hali za su rage hannu, ga rufin coci ba a gama ba. Ya yiwu su rage. A gwada a bikin kakar bana, a ƙirga a gani.

Na gode.

Taku,
Wata tela daga Marwa, Kamaru